Fanka mai ruwa a ɗakin mai cutar SEP: aikinta a bazarar Maradi da inda take gazawa

Ga gidan da ke jinyar mai cutar SEP, wani ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, a Maradi, fanka mai ruwa, wadda masu shaguna ke kira humidificateur, tana cikin kayan da muke ganin sun ci kuɗinsu. Sai dai ba kowace iri ba, kuma ba duk shekara ba. Mai babban tanki, in an ajiye ta inda ya dace, tana iya mayar wa maras lafiya da barcin da zafin Maris da Afrilu ke ƙwace masa. Ƴar ƙaramar nan ta kan tebur asarar kuɗi ce. Ita ma babbar, da iskar damina ta fara kaɗawa, ƙarfinta ja da baya yake yi, kuma gara iyali su san haka tun kafin su zaro kuɗi.

Cutar da likitocinmu ke rubutawa SEP a takardar asibiti, wato sclérose en plaques, ita ce ake kira MS a asibitocin Najeriya. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa wani kitse mai suna miyelin da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka. Inda lulluɓin ya zaizaye, saƙo yakan yi jinkiri ko ya maƙale a hanya, sai a ga ƙafa ta yi nauyi, gani ya dushe, hannu yana rawa, fitsari ya ƙi riƙuwa. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna kusan mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma yawanci tana bayyana tsakanin shekara 20 da 40. A yankinmu ba ta kai yawan da take da shi a Turai ba, tabbatar da ita kuma sai da hoton ƙwaƙwalwa na IRM da likitan jijiya, shi ya sa iyali kan sha yawo kafin a san sunan ciwon.

Abin da ya haɗa wannan cuta da na'urar sanyaya ɗaki shi ne zafi. Tun a 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa ganin wasu majinyatansa yana dushewa idan sun motsa jiki, ya dawo bayan sun huta. Daga baya aka gane zafin jiki ne sanadi: jijiyar da ta rasa lulluɓinta ba ta jure ɗumi, ko rabin digiri zafin cikin jiki ya ƙaru, saƙon na iya tsayawa. Shida zuwa takwas cikin kowane goma na masu cutar suna fama da wannan. Ga shi kuma da yawansu ba sa yin zufa yadda ya kamata, domin cutar kan taɓa hanyar da ƙwaƙwalwa ke umartar fata ta fitar da ita. A garin da rana ke kai digiri 40 da ɗoriya a Afrilu da Mayu, ɗakin siminti mai rufin kwano yana riƙe wannan zafi har tsakar dare, barci kuwa ba ya kama mutum sosai sai zafin cikin jikinsa ya ɗan sauka. Wanda bai yi barci ba zai wayi gari da gajiya kan gajiya, don ita kanta cutar tana da tata gajiyar, wadda ke damun kusan uku cikin huɗu na masu ita. Wannan gajiya ba lalaci ba ce. Maganar nan ta «ai jiya lafiya lau take, yau ne ta ƙi tashi» tana yi wa majinyata ciwo ƙwarai, kuma ba gaskiya ba ce.

Yadda na'urar ke aiki ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin irin aikin randa ne: ruwa yana tsattsafowa, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi. A ƙasa akwai tanki. Cikin tankin akwai ɗan famfo da bai wuce dunƙulen hannu ba, shi ke tura ruwa sama ta siririn tiyo, ruwan ya zubo kan wani kwali mai ramuka-ramuka da ke baya da gefuna biyu, fanka kuma ta jawo iskar waje ta cikin jiƙaƙƙen kwalin ta huro ta ɗaki. Kowace lita da ta bushe tana ɗauke zafin da ya kai kusan kilowat-awa 0.7. Iyakar sanyin da za a samu kuwa ya danganta da bushewar iska. In ana digiri 40, laimar iska kashi 15 cikin 100, kamar yadda ake samu a Maris da farkon Afrilu, na'ura mai kyau tana iya fitar da iska mai digiri 26 zuwa 28. In ana digiri 38 da laima kashi 40, irin na ƙarshen Mayu da Yuni sa'ad da hadari ke haɗuwa ba a yi ruwa ba, da kyar ta sauko da ita zuwa digiri 30. A tsakiyar damina, digiri 32 da laima kashi 70, abin da za ta rage bai fi digiri 3 ba, ta kuma ƙara wa ɗakin danshin da ke hana zufa bushewa. A lokacin nan kashe famfon ruwan ake yi, a bar ta ta yi aikin fanka kawai. Don haka in za ku saya, ku duba ko maɓallin famfo daban yake da na fanka. Wadda aka haɗe su waje ɗaya, ku bar ta a shago.

Wani zai ce me ya hana a tsaya ga fankar gida da aka saba. A daren da ɗaki bai wuce digiri 34 ko 35 ba tana taimakawa. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada a dogara da fanka idan zafi ya kai digiri 40, domin a nan iskar da take hurowa ta fi fata zafi, ƙara wa jiki take yi. Ga wanda zufarsa ba ta fita sosai, iyakar ta fi haka kusa. Kilim kuwa babu gardama ta fi duka, ba ruwanta da laima, in da hali da wuta ita ce. Matsalarta cin wuta: mai ƙarfin doki ɗaya tana jan kusan wat 900, awa takwas kowane dare kilowat-awa sama da 200 ke nan a wata. Fanka mai ruwa matsakaiciya tana jan wat 80 zuwa 150, in muka ɗauki 100, kilowat-awa 24 a wata. Wannan tazara ce ta sa muke ganin ta fi dacewa da yawancin gidaje.

Batun girma shi ne inda aka fi yin kuskure. A jikin kwalin da ake sako na'urar a ciki ana rubuta yawan iskar da take turawa a awa, da alamar m³/h. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi yana ɗaukar mita-kib 48, kuma ana so iskar ɗakin ta sauya sau 20 zuwa 30 a awa, kusan 1,200 ke nan. Amma lambar da ke jikin kwali ta gudun ƙarshe ce, mai ƙarar da ba a iya barci da ita. Ku nemi mai 2,500 ko sama, don ku kunna ta a gudu na ɗaya da dare ta ishe ku. Ruwa kuma tana shan lita 3 zuwa 6 a awa a busasshen zafi, wato daga ƙarfe goma na dare zuwa asuba bido ɗaya mai lita 25 zuwa biyu. Tankin da bai kai lita 40 ba yana iya ƙafewa kafin asuba, na'urar ta koma hura iska mai zafi, maras lafiya ya farka, famfon kuma in ba shi da abin kashe kansa ya ƙone. Ƴan ƙananan nan masu cajin USB tankinsu rabin lita ne. Ko duk ruwan ya bushe, zafin da ya ɗauke kusan rabin wanda jikin mutum ɗaya mai barci ke fitarwa a dare ne kawai.

A shago, ko a babbar kasuwa ko a bakin titi, kada ku yarda da gwajin busasshe. Ku sa a zuba ruwa a kunna, a ba ta minti goma, sannan ku zagaya baya ku shafa kwalin da tafin hannu daga sama zuwa ƙasa, lungu da lungu. Ya kamata ko'ina ya jiƙe, launinsa ya koma ƙasa-ƙasa mai duhu. In kun tarar da fili busasshe mai haske, ramukan da ke raba ruwa a sama sun toshe ko ba su daidaita ba, kuma ta wannan fili iska mai zafi za ta riƙa wucewa kai tsaye. Ku auna kaurin kwalin da yatsa: wanda bai kai santimita 4 ko 5 ba, iska na ratsa shi kafin ta yi sanyi. Ku duba toshiyar zubar da ruwa a gindin tanki, ku tabbata tayoyin suna da birki, ku saurari ƙararta a gudu na ɗaya kuna tsaye taku biyu daga gare ta, ku kuma tambayi mai shago ko yana da kwali da famfo na canji. Waɗannan biyun su ne ke fara mutuwa, kuma na'urar da ba a samun kayan gyaranta a gari ta shekara ɗaya ce.

A gida, wurin ajiye ta rabin aikin ne. Bayanta ya fuskanci taga ko ƙofa a buɗe don ta sha busasshiyar iskar waje, sannan a bar wata tagar ko ƙofar a ɗaya ɓangaren a buɗe kamar faɗin tafin hannu biyu, iskar da ta jiƙe ta samu mafita. Mutane da yawa suna rufe ɗaki ruf kamar yadda ake yi wa kilim. Cikin awa ɗaya ɗakin zai cika da danshi, sanyi ya tsaya, zanin gado ya yi laushi, maras lafiya ya fi wahala fiye da in babu na'urar. A kunna ta a gudun ƙarshe awa ɗaya kafin kwanciya don ta kwashe zafin bango da katifa, in an zo kwanciya a mayar gudu na ɗaya. Tazararta da gado mita ɗaya da rabi zuwa biyu, iskar ta bi ta kan ƙirji da wuya. Kada a saita ta kan ƙafafu: wasu masu SEP sanyi kai tsaye yana ƙara musu sandarewar tsoka, ƙafa ta riƙa fizga da dare. Sange yana tare wani kaso na iskar, amma ba a cire shi saboda wannan, domin zazzaɓin cizon sauro ɗaya ya fi zafin bazara tayar da alamomin cutar. A matso da na'urar kusa ya fi.

Akwai haɗarin da ba a cika kawowa a rai ba, wato faɗuwa. Mai SEP da ke tashi fitsari da dare ƙafarsa ba ta da tabbas, ga duhu, ga magagin barci. Ɗigon ruwa a kan siminti ko karo, da wayar wuta a tsakar ɗaki, sun isa su kayar da shi. A bi da wayar ta jikin bango, a sa tsumma ƙarƙashin na'urar, hanyar gado zuwa bayi ta zama ba komai a kai, da ƴar fitila mai caji a kusa da hannu. Cika tanki kuma ba aikin maras lafiya ba ne, lita 40 kilo 40 ke nan. Wani a gidan ya ɗauki wannan a matsayin aikinsa na bayan magariba.

Kusan kowace na'ura tana zuwa da robobin ƙanƙara biyu da ake cewa a jefa cikin tanki. Amfaninsu kaɗan ne. Narkewar kilo ɗaya na ƙanƙara tana ɗauke kashi ɗaya cikin bakwai ne kawai na zafin da bushewar lita ɗaya ke ɗaukewa, sanyin ƴan mintoci ne ya wuce. Wannan ƙanƙarar ta fi amfani a jikin mutum: a naɗe robar cikin tawul, a ɗora a wuya ko a hammata minti goma sha biyar kafin barci. Tawul ɗin dole ne, domin wasu majinyatan fatarsu ba ta jin sanyi sosai, ƙanƙara tsirara na iya ƙona su ba su sani ba. Wankan kafin kwanciya ma ya zama da ruwan randa, ba na tankin saman rufi da ya wuni a rana ba. Shan ruwa mai sanyi ƙwarai shi ma yana taimakawa, wani bincike da aka yi a Sidni ta Ostireliya, aka wallafa a 2018, ya nuna masu SEP sun fi daɗewa suna motsa jiki cikin zafi idan suna kurɓarsa. Amma wannan dabarar rana ce, da dare tana karo da matsalar fitsari.

Wutar Maradi a bazara ne aka fi ɗauke ta, daidai lokacin da aka fi bukata. Wanda zai haɗa da batir ya yi lissafi tun farko. Wat 100 na awa takwas wat-awa 800 ne. Batir na gargajiya mai 12V da 100Ah a rubuce yana da 1,200, amma in ana so ya yi ƙarko rabi kawai ake sha, don haka ɗaya ba zai kai asuba ba, sai mai 200Ah, ko na litiyom mai 100Ah. Farantin sola mai wat 250 zuwa 300 zai cika shi a wuni. Akwai masu aiki da 12V kai tsaye, masu jan wat 40 zuwa 60. Iskarsu ba ta kai ta manyan ba, amma ga gado ɗaya a ƙaramin ɗaki sun wadatar, kuma ba a asarar wuta wajen juya ta.

Tsabta ba ta da wuya, sai dai ba ta son mantuwa. Sauro na iya kammala girma cikin ruwan da ya kwana bakwai zuwa goma, saboda haka a zubar da ruwan tanki duka a wanke shi aƙalla sau ɗaya a mako. Kowace safiya a kashe famfo a bar fanka ta yi rabin awa don kwalin ya bushe, in ba haka ba zai fara warin ruma. Farin gishirin da ke taruwa a ramukan kwali ana narkar da shi da binega da aka sirka da ruwa, a jiƙa awa ɗaya a ɗauraye. Wannan kula ta fi zama wajibi ga wanda ke karɓar maganin da ke danne garkuwar jiki irin su rituximab, domin iskar da ta bi ta ruɓaɓɓen ruwa ita zai shaƙa dare duka.

Duk da haka, zafi kashi ɗaya ne na abin da ke hana mai SEP barci, kuma ba ma son iyali su sayi na'ura su zauna jiran abin da ba za ta iya ba. In tashin fitsari ne sau uku sau huɗu, a sha yawancin ruwan yini kafin la'asar, a rage awa biyu zuwa uku kafin kwanciya, amma kada a rage jimillar na yini, ƙishirwa a bazara ta fi illa. A yi fitsari, a jira minti biyu, a sake gwadawa. Kafin likita ya ba da maganin mafitsara irin oxybutynine ya kamata a auna da ekogirafi ko fitsari na saura bayan an gama, domin in ya wuce mililita 100 maganin na iya ƙara riƙe shi. Shi wannan magani kuma yana rage zufa, abin da ya kamata a tuna wa likita a watan Afrilu. In ƙafafu ne ke ƙaiƙayi daga ciki, ba sa samun sauƙi sai an motsa su, a auna feritin, wato ajiyar ƙarfen jini, don ƙarancinsa na haddasa haka, wasu magungunan mura masu sa barci kuma suna ƙara shi. In minshari ne mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi, wannan ciwo ne daban da ke bukatar nasa gwajin. Allurar kortizon da ake yi kwana uku zuwa biyar lokacin tashin cuta tana hana barci, gara a yi ta da safe. Shayin fada da goro bayan la'asar su ma suna cikin lissafi, domin rabin kafeyin ɗinsu yana nan a jini bayan kusan awa biyar.

Ƙwayoyin barci da tramadol na masu talla a faranti, muna roƙo a nisance su. Suna ƙara nauyin jiki da safe, suna ƙara faɗuwa, suna tsananta ɗaukewar numfashi, tramadol kuma na iya jawo farfaɗiya. Ko magungunan da likitoci ke rubutawa don gajiyar SEP ba su da ƙarfin da ake zato: wani gwaji da aka yi a Amurka kan mutum 141, aka wallafa a 2021, ya nuna amantadine da modafinil da methylphenidate ba su fi ƙwayar da ba magani a cikinta rage gajiya ba, illolinsu kuma sun fi yawa. Abin da ya fi riƙe mutum shi ne tsara yini: aiki mai nauyi da ƴar tafiya bayan sallar asuba sa'ad da gari ke da sanyi, girki da wanki a zaune, hutu kafin a gaji ba bayan an faɗi ba, da ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar a gaban na'urar. In ta wuce haka tana cin barcin dare. A kuma nemi a auna jini da tayiroyid, wato halittar wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo, don ƙarancin jini da ciwon tayiroyid suna ɓuya a bayan gajiyar SEP, kuma su ana warkar da su.

Alamomin da zafi ya tayar suna kwantawa cikin mintoci ko ƴan awoyi bayan jiki ya huce, kuma ba sa nufin cutar ta ci gaba. Amma in an sanyaya ɗaki, an huta, gani bai dawo ba ko ƙafa ba ta saki ba har awa 24, ko wata sabuwar alama ta fito, asibiti za a tafi. A can za a fara duba zazzaɓi da ciwon mafitsara, domin su biyun kan kwaikwayi tashin cutar, kafin a yanke ko ana bukatar kortizon.

In damina ta zauna sosai kuma an daina kunna famfo, a zubar da ruwan tanki, a bar fanka ta busar da kwalin sarai, a ciro famfon a wanke bakinsa. A Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, zafi kan dawo na ƴan makonni kuma na'urar takan sake yin amfani yayin da iska ke bushewa. Daga nan a lulluɓe ta da buhu ko tsohon zani saboda ƙurar hunturu. A ƙarshen Fabrairu a fito da ita a gwada famfo da kwali, in akwai abin canji a saya a lokacin, kafin zafi ya shigo kayan su yi wuyar samu a kasuwa.